Stoyan, Wanda Aka Ce Ya Tsaya

Woolwich, Landan.

Zuwa ga ɗana Yusufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya. Allah Ya tsare ka a Kanada, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka juriyar sanyinsu da aka ce ya ninka namu.

Yau Talata, kwana huɗu da tafiyarka. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce ta kumbura, a zaune nake sallah. Tarin nan yana tasowa in na yi doguwar magana, to da yake babu wanda zan yi wa doguwar magana, bai dame ni ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Na san a hankali kake karanta Hausa. Ka bi ta a hankalin, ba sauri nake ba.

Da kake ɗaukar akwatinka ka ce mini wata uku za ka gwada aikin, in ka ga ban iya zama ni kaɗai ba, ka ajiye ka dawo. Saboda wannan maganar nake rubutu. Ba na so ka dawo. Kuma ba zan iya fahimtar da kai dalili ba sai na gaya maka abubuwan da na yi ba daidai ba, yawancinsu kuwa sun shafi maƙwabcinmu marigayi Stoyan. Ka san shi, ka sha ɗauko masa kaya in lif, na'urar hawa bene, ya lalace. Amma akwai abin da ban taɓa gaya maka ba.

A makarantarmu ta Zariya, wani malami Bature ya koya mana cewa ba a zuwa gidan Bature sai da alƙawari. Ka rubuta, ya amsa, ka zo a kan lokaci. Na haddace wannan kamar karatun allo, na zo da shi Landan, na riƙe shi shekara hamsin. Ni da na tashi a gidan da ba a taɓa rufe zaurensa da rana ba.

Shekarar da Stoyan ya tare a flat ɗin, wato sashen bene, da ke jikin namu, kwana biyu bayan Kirsimeti, na fito zan je kasuwa sai na ga ƙofarsa a buɗe kaɗan, an tokare ta da naɗaɗɗiyar takarda. Ƙamshin kaza da kabeji ya cika baranda. Na leƙa ta tsagar. Ga tebur da farin ƙyalle, faranti shida, shi kuma yana zaune da kwat da laktaye, hannuwansa a kan gwiwa, ya zuba wa ƙofar ido. Ba ya motsi. Na ce a raina tsoho ya manta, ɓarayi kuwa ba su da hutu. Na ture takardar da ƙafa, na ja ƙofar a hankali har ta yi ƙas, na tafi ina jin na yi aikin lada. Da shekara ta zagayo na sake ganin haka, na sake rufewa.

A ta uku, ina kai hannu ga mariƙin, wani hannu mai sanyi ya fito ta tsagar ya kama wuyan hannuna.

"Ashe kai ne," in ji shi da Turancinsa mai nauyi. "Shekara biyu ina zagin iska."

Na ce, "Na ɗauka mantuwa ka yi."

"Mantuwa? Yau ranar sunana ce. A ƙasarmu Bulgeriya kowane suna yana da ranarsa. Yau duk wani Stoyan ya dafa abinci ya buɗe ƙofa."

"Ai ba ka gayyace ni ba."

Ya dube ni kamar yaron da ya faɗi jarrabawa. "Ba a gayyata. Ranar tana cikin kalanda, kowa ya sani. In na kira ka, ta yaya zan san ka tuna da ni? Shigo, komshi. Ba alade, kaza ce, daga mahaucinku na saye ta. Na san irin hularka."

Komshi wai maƙwabci ke nan a bakinsu, kuma da shi ya kira ni har ya bar duniya. Ka ji, Yusufu: kada ka ɗauki doka guda ka ɗora wa dukan farar fata, ko dukan kowace al'umma. Malamina mutanen garinsu ya sani, ni kuwa na rufe wa wani bawan Allah ƙofa sau biyu da iliminsa. In ka ga abin da ba ka gane ba a wurin maƙwabci, ka yi sallama ka tambaya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce.

A wannan teburin na tambaye shi ma'anar sunan. Bai amsa da baki ba. Ya miƙe, ya buga ƙafafunsa a ƙasa, ya ƙame kamar soja.

"Wannan," ya ce. "Tsaya. Zauna daram. Kada ka tafi."

Ya ce mahaifiyarsa ta binne 'ya'ya maza uku kafin shi, babu wanda ya kai yaye. Da aka haife shi kakarsa ta ce a sa masa Stoyan, ko wannan ya tsaya. In mace ce sai a ce Stoyanka. Yana ƙarami Stoycho ake ce masa, na lallashi. Ya ce ba kowane mai sunan ne aka sa wa don haka ba, da yawa gadon kaka ne kawai, amma nasa da gangan aka sa. Kuma da ya haihu, da 'ya'yansa sun ɗauki sunan sun ɗora a bayan nasu. Allah bai ba shi ba.

Na ajiye cokali. Na ce masa ɗana da yake gani, wanda nake kira Abarshi, ba sunansa na yanka ba ne. Na gaya masa yayyenka uku, biyu a Zariya, ɗaya a nan, duk ba su yi shekara ba. Na gaya masa yadda gwaggon mahaifiyarka ta aiko da saƙo daga gida cewa wannan ɗan wabi ne, a riƙa ce masa Abarshi, wato a bar mana shi. Stoyan ya yi dariya har ya sarƙe.

"Daga ƙauyenmu har ƙauyenku," ya ce, "tsofaffin mata suna zaton mutuwa tana jin magana."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya dubi farantan nan da babu kowa a gabansu.

"Wataƙila tana ji, komshi. Ƙannena biyu sun tafi. Matata ta tafi, a nan asibitin da ke kan tudu. Waɗanda muka yi aikin kafinta tare sun tafi. Ƙauyenmu ma ya tafi, na je na tarar da itatuwa sun fito ta cikin ɗakuna. Kowa an kira shi ya amsa. Ni in an zo kaina sai a tuna an ce in tsaya."

Na ce masa rai da ajali a hannun Allah suke, suna ba ya ƙara wa mutum ko numfashi ɗaya. Haka na yi imani, haka nake a kai har gobe. Ya ce shi ma haka limaminsu yake cewa. Amma na koma gida ranar jikina a sanyaye.

Ga kuskuren da ya fi nauyi. Lokacin da saƙon gwaggo ya zo, ni ne na ce camfi ne, mu masu ilimi ba ma yin wannan. An yanka rago da sunan Yusufu. Amma ka tuna ko sau ɗaya da na kira ka Yusufu? Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ta daina cewa Abarshi tun kana firamare. Ni na riƙe. Kuma ban tsaya ga roƙon Allah Ya bar mini kai ba, na shiga tsare ka da hannuna. Da ka samu gurbin karatu a Sikotilan na ce Landan ta fi kowane gari makarantu, kuɗin haya kuma ɓarna ne. Ka haƙura. Ba makarantu nake dubawa ba, nisan nake dubawa.

Na biyun ya fi muni. Shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarka ka samu aiki a ƙasar Larabawa, har ka sayi tikitin jirgi. Saura kwana biyar na ce ƙirjina, aka kira motar asibiti, ka kwana biyu a kan kujera kusa da gadona. Likitoci suka ce ba su ga komai ba. Ba su ga komai ba domin babu komai, Yusufu. Tsoro ne kawai, na san tsoro ne, na bar shi ya yi kama da ciwo. Da na ji kana waya a baranda kana ba su haƙuri, daɗi na ji. Na nemi gafarar Allah a kan wannan sau da yawa. Taka ce ban taɓa nema ba, yau ina nema.

Stoyan kaɗai ya gane. Da na dawo daga asibiti ya kawo mini miyar wake, ya tsaya yana kallon yadda nake sha da ƙarfina.

"Mara lafiya da cin abinci haka," ya ce. "Komshi, sunan nan na jariri ne. Yaro ya yi gemu, har furfura ta fara. Ka sake shi."

Na ce masa ba ruwansa da gidana. Mun yi sati biyu ba mu gaisa ba.

In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka so su, ka yi musu addu'a, amma ka lura da ranar da tsoronka zai fara sa rigar ciwo ko rigar nasiha. Mai yi ba ya rasa sani. Ni na sani sarai.

Yanzu maganar bututu. Ka san bayan Stoyan ya faɗi a banɗaki muka yi yarjejeniya, ni da shi. Bututun ɗumama ɗaki guda ne ya ratsa bangonmu da nasa. Kullum ƙarfe takwas na safe in buga shi da cokali sau uku, shi ma ya buga uku, kowa ya san ɗan'uwansa ya kwana lafiya. Da farko bayan bugun sai in leƙa mu sha shayi. A hankali gwiwa ta yi nauyi, shayin ya koma na Lahadi, daga baya bugun ya zama shi ne gaisuwar gaba ɗaya. Taku huɗu ne tsakanin ƙofarmu da tasa. Na auna daga baya.

Ranar sunansa ta ƙarshe mura ta kama ni. Da safe na buga, ya amsa. Na ji ƙamshin kazar ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce in na yi azahar zan shiga. Na yi azahar na kishingiɗa, ban farka ba sai da rana ta faɗi, na ce gobe. Washegari kunya ta hana ni, don na san abin da rashin zuwan yake nufi a wurinsa. Na ce bari murar ta sake ni in je da ɗan abu a hannu. Kowace safiya ina bugawa, kowace safiya ana amsawa. Uku, da ɗan jinkiri kafin ta ukun, yadda yake yi.

Kana shirin fita aiki wata safiya ka ce, "Baba, kwana biyu ban ga Baba Stoyan ba."

Na ce, "Lafiyarsa lau, yanzun nan muka gaisa."

Ka ɗauka na gan shi da ido. Na san haka ka ɗauka, ban gyara ba.

A rana ta tara kai ka ji warin a baranda, kai ka kira 'yan sanda. Ba ka bar ni na shiga ba, amma na gani ta bayan kafaɗarka. Yana zaune da kwat da laktaye, fuskarsa ga ƙofa. Faranti biyu ne a teburin, ba shida ba. Ƙofar kuwa a rufe suka same ta, naɗaɗɗiyar takardar tana yashe a baranda. Wani mai kirki irina ya zo wucewa ya ja masa ita. Likita ya ce tun ranar sunan nasa ya cika, ko washegarinta.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, a safiyar ta tara ɗin ma na buga, an kuma amsa.

Da ma'aikacin council, hukumar unguwarmu, ya zo duba flat ɗin na tare shi na tambaya. Ya ce tsofaffin bututu haka suke, in ruwan zafi ya shiga sai ƙarfe ya motsa ya yi ƙara.

Na ce, "Sau uku?"

Ya ce yana yiwuwa.

Na ce, "Kuma sai na buga tukuna?"

Ya duba wayarsa ya ce yana da wani gidan da zai je.

Na karɓi bayaninsa, don ba ni da wani. Matacce ba ya buga bututu, wannan na sani. Wataƙila kunnena ne ya riƙa ba ni abin da nake so in ji, don kada in tashi in yi taku huɗun nan. In haka ne ma bai fi sauƙi ba. Tun ranar ban ƙara kai cokali jikin ƙarfen ba. Flat ɗin har yanzu babu kowa, sun sa masa ƙofar ƙarfe. Amma ba zan ɓoye maka ba, wasu safiyoyin da ƙarfe takwas nakan ji ɗaya, sannan biyu, sai in tashi in kunna rediyo kafin in ji ko akwai ta uku.

Kada ka yarda alama ta maye maka gurbin fuska. Saƙon waya, ɗaga hannu daga nesa, fitilar da ka gani a taga, duk ba su ce mutum yana lafiya ba. Wanda yake kusa da kai, ka je ka gan shi da idonka, ka ji muryarsa. In ka yi wa mutum laifi kuma, ka je a ranar, da hannu wofi. Jiran abin da za ka riƙa shi ne ya cinye mini kwana tara.

Na san abin da kai ka ɗauka daga mutuwarsa. Ka ɗauka cewa in ka tafi haka za a same ni. Tun daga lokacin ka daina zuwa ko'ina, ka daina kwana a waje, abokanka na Deptford suka gaji da kira. Ka yi kuskuren lissafi. Stoyan yana da mutum a bayan bango, mai jin ƙamshin girkinsa, bai hana komai ba. In lokacina ya yi, ko kana ɗakin nan riƙe da hannuna zan tafi, in bai yi ba ko kana bayan teku ina nan. Yadda za a same ni kuwa, gawa ba ta jin kunya. Akwai mutanen masallaci, sun san abin da za su yi.

Abin da ya tsorata ni daban ne. Wata Asabar da rana, watanni bayan an binne shi, na fito daga ɗaki na gan ka a kicin. Ka dawo daga aiki ba ka cire kwat ba. Kana zaune a bakin tebur, hannuwanka a kan gwiwa, ka zuba wa ƙofa ido, ba ka jiran kowa. Hasken taga ya faɗo a kanka, gashinka ya yi fari fat. Na kira ka sau biyu ba ka ji ba. Na tsaya riƙe da bango, na ga shekara arba'in nan gaba: ni na daɗe a ƙasa, babu mata, babu ɗa, babu wanda ya san ranar da aka haife ka, kana nan a hawa na bakwai domin an ce a bar ka, an kuwa bar ka. A daren... a'a, ba sai dare ba, a wannan yammacin na ce maka ka nemi aikin nan na Kanada da ka ɓoye takardarsa a ƙarƙashin tire. Ka yi mamakin yadda na san da ita. Ni da na shekara ashirin ina gadin ƙofa, me zai shigo gidan nan ban sani ba?

Shekararka talatin da tara. Na ci maka ashirin daga ciki, ba zan iya mayar maka ba. Abin da zan iya shi ne wanda ka gani a saman takardar nan. Sunanka Yusufu, shi aka yi maka huɗuba da shi, shi za a kira ka da shi ranar tsayuwa. Ɗayan na ajiye shi. Roƙo ne muka yi lokacin kana tsumma, Allah Ya amsa, roƙon ya ƙare. Kada ka gaya wa mutanen can shi, kada ka sa wa ɗanka ko da wasa. In ka kira waya bakina ya suɓuce na faɗa, ka gyara mini, ba rashin ladabi ba ne.

Ka kama sallarka a kan lokaci ko rana ta yi gajarta. Ka nemi masallaci tun satin farko, ka zauna bayan an sallame, ka bari a san fuskarka. In wata ta kwanta maka a rai ka yi magana, kada ka tsaya lissafin wa zai kula da Baba. Ka sayi takalmin ƙanƙara mai kyau, ba irin na kasuwar nan ba. In ka zo hutu ka zo da tikitin komawa a aljihu, in gan shi da idona kafin in ba ka ruwa.

Ka kwantar da hankalinka game da ni. Matar da ka shirya da council za ta riƙa leƙo ni kullum da ƙarfe huɗu, yau ce ma ranarta ta farko. Zan karɓe ta da mutunci, ba zan yi mata gardamar magani ba, na yi maka alƙawari.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin kaɗaici. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka da yayyenka. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da ka yi mini ba. Kai ma ka yafe mini.

Mahaifinka,
Garba

Ƙarin bayani. Yanzu shida ta wuce, na yi magariba. Matar ba ta zo ba, ba ta kuma yi waya ba. Na daɗe da alƙalami a hannu ina tunanin ko in rubuta wannan, don na san yadda zuciyarka take. Da a da ne, da tuni na kira ka, da muryar da na san tana karya maka gwiwa. Na ɗumama miyar da ka bari, na sha magani da kaina. Gobe zan kira ofishinsu, lambar tana jikin firij inda ka rubuta ta da manyan baƙaƙe. In ka karanta wannan ka fara duba kuɗin jirgi, to ban iya rubutu ba. Ka rufe takardar, ka goge rigarka, gobe ka tafi aikinka.